Tulun Inna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na busa tulu a bikin yayar abokina Lawali ba, ko da kuwa tsufa ya kwashe mini komai.

Shekarun fari ne, muna samari a unguwar Birni ta Damagaram, mun bar lakwal, wato boko, ba aiki ba sana'a. Wani Ba'amurke mai aikin rijiyoyi a Gidimuni, wanda ke sauka gidan maƙwabcinmu in ya shigo Damagaram, shi ya ja mana. Ya kunna mana kaset ɗin ƙungiyarsu ta kiɗa, ya ce ba ganga ba kalangu: baho ne, da cokula, da tulu da ake busawa. A bakin titi suka fara, in ji shi, mutane na yi musu dariya, har ta kai ana gayyatarsu gari gari.

Na ce yo Allah na tuba, mutanen da ba su gaji tulu ba sun yi suna da shi, ina ga mu da muka buɗe ido muka gan shi a tsakar gida?

Abokina Lawali ya kife baho ya ɗaura masa wayar birkin keke, Isiyaka ya kwaso cokula, ni na ɗauki tulu (dama tulunan unguwa duk sun yi ritaya, ba ruwan zubawa). Na yi ta busa har leɓena ya kumbura. Unguwa ta ce jaki ne ke mura. Ban fasa ba. Da ƙyar mahaifiyar Lawali ta yarda mu yi wasa a bikin, da sharaɗin in muka ba ta kunya mu bar wannan shashanci har abada.

Ranar da safe akuya ta ture tuluna ya fashe. Wani zai ce ishara ce, ni kuwa taurin kai ya hana ni gani. Na faɗa ɗakin Inna, mahaifiyata, na jawo wani ɗan tulu daga ƙarƙashin gado, bakinsa toshe da tsumma. (Mai hankali zai tambayi kansa me ya sa za a toshe bakin tulun da ba komai a ciki. Ni ban tambaya ba.)

La'asar ta yi, tsakar gida cike da mata. Lawali ya ja waya, cokula suka amsa, har 'yan mata sun fara tafi. Na zare tsumma, na cika ƙirji, na busa da iya ƙarfina.

Fuuu! Gari ya turnuƙe ni. Ido, hanci, gashi, babbar rigar aro, duk fari fat.

Garin gero ne. Ɗan abin da Inna ta ɓoye don kunun ƙanwata da aka yaye, a lokacin da mu manya muke cin dusa.

Da an yi dariya da na ji sauƙi. Sai ga Inna ta keto mata riƙe da ƙwarya.

"Tsaya cak, ɗan nema! Kada ka motsa."

Ta sunkuyar da kaina a gaban kowa tana kakkaɓe ni cikin ƙwarya, wata tsohuwa na taya ta da mafici tana ce mata, "Hajo, ga saura a bayan kunne." Ni ƙato da ɗan gemuna, ana share ni kamar dutsen niƙa. Na daure, na daure, sai atishawa ta kubce. A nan ne dariyar ta fashe, har amarya sai da ta leƙo.

Wallahi kunyar dariyar ba ta kai ta ganin ɗan abin da ya taru a ƙwaryar ba.

Washegari Inna ta dama kunu, tsararo kamar ruwan wankin hatsi. Ta ba ƙanwata, ta miƙo mini ragowar.

"Sha," in ji ta. "Kiɗanka ne."

Mahaifiyar Lawali ta riƙe sharaɗinta, mu kuma muka koma bayan ganuwa muna yi a ɓoye, har muka yi 'yan bukukuwa bayan ruwa ya dawo. Amma har yau, ko tulun wa aka miƙo mini, sai na leƙa ciki kafin in buɗe baki.