Rasuwar Tafiretar Malam Ladan

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, Hindu, maiɗakin Malam Ladan hedimasta, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi rasuwar tafiretar maigidanta, bayan doguwar jinya a siton makaranta.

Marigayiyar ta shigo gidan tun ana Jihar Sakkwato. Malam ya saye ta a Kaura da guminsa, ya goyo ta a bayan babur. Ba ta cin komai sai ribin na tawada da ɗan man keke. Mutum ɗaya ta yi wa hidima, amma mutumin aikin mutum uku ne a kansa, kuma ba ta taɓa ƙorafi ba.

Hindu ba ta yi nisa a boko ba, amma daga madafa takan gane aikin da ake yi da kunne. In takardun makaranta ne, sai a ji kaf-kaf-kaf da sauri kamar mai faɗa. In binciken Malam ne na waƙoƙin daka na tsofaffin matan Jangeru, wanda yake yi don karatun jami'a, tafiretar takan buga kaɗan ta tsaya, ta jira ya mayar da kaset baya. In kuwa littafinsa ne na kansa, labarin wani mai gadin tashar jirgin ƙasa, sai ta yi shiru har tuwo ya dahu, sannan ta ɓarke kamar ruwa a kan kwano, ƙararrawarta tana ƙirrin, ƙirrin. Irin wannan rana Malam yakan ci abinci har ya nemi ƙari.

Ciwon ajalinta ya faro ne da aka ƙirƙiro Zamfara. Takardu suka yi yawa, makarantar Malam a Shinkafi ba ta da tafireta, sai ya kai tasa ofis aro, wai zuwa ƙarshen zango. Tana can masu ƙidayar kayan gwamnati suka zo, Malam yana cikin aji. Duk abin da suka tarar a ofis suka rubuta masa lamba da jan fenti, har randar ruwa, har ita. Bai tayar da hankali ba, tunda kullum suna tare, littafin ma yakan ɗan samu lokaci bayan an tashi yara in babu taron iyaye.

Sai aka mayar da Malam Birnin Tsaba, ita kuma aka kai ta sito. Mai riƙon sito ya ce abin da ke da lamba ba ya fita. A shekarar aka ƙaddamar da Shari'a, Malam kuwa ba zai yarda a ce hedimasta ya fita da kayan gwamnati ba. Ya yi ta zarya ana cewa ya dawo. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, rufin siton yana yoyo daidai kanta.

Da aka amince ya ɗauko ta gyara, Yari mai gyaran keken ɗinki ya jiƙa ta da kananzir, ya bi haruffan yana dannawa. Ba wanda ya tashi.

Ta rasu ta bar Malam Ladan, wanda hannunsa ke rawa yanzu, ba ya iya cika layi da biro, da ita ce kawai yake iya rubutu da yatsa ɗaya. Ta bar kaset-kaset da ba a juye ba, masu waƙoƙin kuma suna ta ƙarewa. Ta bar mai gadin tasha tsaye a bakin layin dogo, ba wanda ya san abin da yake jira.

Babu wanka, babu salla, ƙarfe ce. Masu gwangwan su yi haƙuri, ba za a sayar ba, ba kuma za a binne ba, don har yanzu gawar gwamnati ce. Ranar Asabar bayan Azahar za a naɗe ta a zanen Hindu, a ɗora a motar Shinkafi, a mayar da ita sito.

Ana karɓar gaisuwa a zauren gidan a Birnin Tsaba. Hindu tana roƙon masu zuwa su yi wa Malam hirar gona da ta makaranta. Don Allah kada kowa ya tambaye shi littafi.