Ranar da Jirgina Ya Shiga Gidan Mai Gari Ba Sallama

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, ko na so in manta abokan aikina ba za su bari ba. Rana ce da na shiga gidan mutum ta sama, ba sallama, a gaban mai gidan da dattawan garinsa, ina kuma yi musu bayanin abin da nake gani da bakina.

Ni ma'aikaci ne a sashen noma na ƙaramar hukuma, haifaffen Tambuwal. Da jiha ta kawo ƙananan jirage marasa matuƙi don ɗaukar hoton gonaki da hanyoyin shanu, aka ce kowane ofis ya tura mutum ɗaya a koya masa. Oganmu ya duba ya duba ya zaɓe ni, ba don wani ilimi ba, sai don ni nake gyara masa waya in ta rikice. Na yi mako biyu a Sakkwato, na dawo da takardar shaida da baƙar jaka, kaina kuwa ya kumbura har hula ta daina zama. (Matata ta ce a kwanakin nan ko tsuntsu ya wuce sai na ɗaga kai na ce bai iya juyi ba.)

Aikin farko da ya faɗo mini ba na wasa ba ne. Wani ƙauye ne a bakin iyakarmu da Kebbe, in ka ɗauki hanyar Fakku. Suna da burtali, wato hanyar da shanu ke bi su sauka gulbi su sha ruwa, amma manoma sun yi ta cin sa da noma, taku ɗaya bana, taku biyu baɗi, har ya ɓace cikin dawa. Shekarar da ta wuce an ba hammata iska a kan haka, wani saurayi ya rasa yatsu biyu. Ga shi yanzu saura kwana goma shanu su dawo daga inda suka yi damina, dawa kuwa ba ta isa yanka ba. In ba a fitar musu da hanya ba, ta cikin gonaki za su bi, kowa kuma ya san abin da zai biyo baya. An zauna sau uku ba a daidaita ba, domin kowa da inda yake nunawa da sandarsa ya ce nan ne iyaka. Shi ne aka ce a kawo jirgi.

Muka isa da hantsi, aka taru a filin idi a bayan gari. Ga mai gari a kan kujera, ga Ardo, shugaban makiyayan wurin, a kan buzunsa, ga manoma tsaitsaye, ga oganmu da babbar riga. Ardo ya ce, "Ranka shi daɗe, mu dai hanya mu ka biɗa. Shanu ba su san takarda ba, ruwa sunka sani." Ni kuwa ina gefe ina buɗe jaka a hankali, ina ɗaura fukafukai ɗaya bayan ɗaya kamar mai yi wa amarya ƙunshi, don kowa ya gani. Akwai wani allo mai faɗi da ke nuna duk abin da jirgin ke gani. Na ɗauke shi da hannu biyu na miƙa wa mai gari. Ba wanda ya sa ni, neman suna ne kawai.

Jirgi ya tashi, aka yi salati, wasu suka ja da baya. Na zagaya da shi ta gefen gari, na bi gonakin kaf har gulbi ina ɗauka. Dattawa suka yi cincirindo a bayan mai gari, wannan ya leƙo ta kafaɗar dama, wancan ta hagu, kowa yana neman gonarsa. Gaskiya ni ban ga wani burtali ba, kore kawai nake gani, amma ban faɗa ba. Na dai juya harshe zuwa Hausar rediyo ina ta zuba, "Kamar yadda kuke gani, jama'a, wannan na'ura babu abin da ke ɓoye mata."

Da na zo dawowa sai na ga zagayen ya yi mini nisa, na yanke ta tsakiyar gari. An gaya mana a Sakkwato kada mu bi ta kan mutane, na ji, na ma rubuta a littafi. Amma a lokacin shaiɗanin burgewa ya riga ya hau ni. Na hango wani babban gida mai rumbuna da yawa, na tsayar da jirgin a kansa, na sauko da shi ƙasa ƙasa.

"To ku duba nan!" in ji ni. "Har cikin gida! Ga rumbu, ga akuya, ga shanya. Ga wata baiwar Allah can tana tankaɗe, ko ɗankwali babu. Ku duba, har rariyar ana gani! Wannan gidan wane ne?"

Aka fara kallon juna. Na ɗauka mamaki ne ya kama su, na ƙara matso da hoton. Sai na lura dattawan nan da ke turereniya sun fara janyewa ɗaya ɗaya, wannan yana duban takalminsa, wancan ya shiga jan carbi, Ardo ya juya fuskarsa gabas gaba ɗaya. Mai gari ya kife allon a kan cinyarsa, ya dube ni.

"Gidana na," ya ce. "Waccan da ka ka nunawa, uwar ɗiyana ta."

Wallahi gumi ya keto mini har cikin safa. Ni da aka haifa a gidan da ko ƙanen babana ba ya wuce zaure sai an ba shi izini, yau ni na buɗe gidan mai gari na tara masa maza suna kallo. Na yi sauri in ɗaga jirgin sama, sai na kuskure na danna ƙasa. Abin da na gani na ƙarshe a ƙaramar wayar da nake tuƙin jirgin da ita shi ne garin tankaɗe ya tashi fari fat, kaji sun watse, wani zane mai ruwan goro ya taso daga igiyar shanya ya rufe komai. Daga filin idi muna jiyo ihun mata.

Oga ya matso ya ce mini a kunne, "Malam, kayan gwamnati na. In bai fito ba, kai ma kak ka fito." Muka ɗunguma zuwa ƙofar gidan, ni a gaba ina sauri, na kai zaure na ci birki. Ina zan shiga? Jirgi ya shiga, amma ni namiji ne baligi, iyakata nan. Na tsaya ina rafka sallama, sallamar da ya kamata a ce na yi tun ɗazu.

Sai da na yi ta kusan sau bakwai sannan na ji takun sanda. Wata tsohuwa ta fito, 'yar ƙarama, ta lulluɓe da mayafi, ta rungumo jirgin gwamnatin jiha a naɗe cikin zane, fiffike ɗaya a karye. Mahaifiyar mai gari ce, duk garin Inna suke ce mata. Ta zauna a kan dakali ta ɗora shi a cinya, ba ta da niyyar miƙowa.

"Wa ad da abin ga?"

Na durƙusa har ƙasa. "Ni na, Inna."

"Kai ba cikin mutane anka haife ka ba? Magini in za shi hawa bisa soro, mi shi ka yi?"

"Shela shi ka yi, Inna, mata su kimtsa."

"Mai hawan icce kusa ga gida fa?"

"Shi ma haka."

"To kai da kay yi boko, wa yac ce maka idon ƙarfe ba ido na ba?"

Na sunkuyar da kai. (Har yau ban samo amsar ba, kuma na nema.) Na ba da haƙuri, oga ya ba da, har Ardo da ba ruwansa ya sa baki. Inna ta ce ba ta ba da jirgi sai ta ga abin da ya ɗauka, a kuma goge na gidan a gabanta. Aka kawo allon, na gurfana kusa da ita, na goge wancan yanki tana kallo, ni ina kallon ƙasa. Don ta tabbata ba saura, na riƙa ja mata hoton baya baya, muka fita gari, muka shiga gonaki.

"Tsaya!" ta ce, ta dafe hannuna. "Koma. Waccan kuka mai karyayyen reshe, matso da ita."

Na matso da ita. Ta kawo fuskarta dab da allon, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗora yatsa a kan wasu 'yan ɗigo-ɗigo masu ruwan toka a cikin koren dawa, waɗanda ni na ɗauka ciyawa ce. "Aguwa ta," ta ce. Aguwa ita ce wannan itaciya mai farin ƙaro da ake dasawa a yi shinge, ko an sare ta sai ta sake tofowa. "Babana yad dasa ta, ina yarinya, ni ka miƙa mashi rassa. Layi biyu ta. Diba, ga guda, ga guda. Sun sassare ta, amma ba ta mutu ba."

Da ta faɗa sai na gani. Daga ƙasa, cikin dogayen karare, ba mai iya haɗa su. Daga sama kuwa ga su nan a jere, layi biyu, tun daga kuka har bakin gulbi. Zaure ya cika, waɗanda suka gudu ɗazu duk suka dawo suna leƙe. Inna ta bi layin da yatsa tana kiran gonaki da sunayen iyayen masu su, har ta zo kan wata babbar gona da ta haɗiye layin biyu gaba ɗaya.

"Wagga ta wa ta?"

Wani ya ce a hankali, "Ta mai gari ta, Inna."

Mai gari ɗanta na fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta ma dube shi ba. Ta ce wa bango, "To a gaya ma mai gonar ga, ubanai bai noma nan ba."

Na tausaya wa bawan Allahn nan, rana ɗaya na buɗe masa gida, uwarsa ta buɗe masa gona. Amma namiji ne. Ya ce a kawo masa adda, da gonarsa za a fara. Da mai gari ya faɗi haka, wa ya isa ya ce tasa ba za a taɓa ba? Zama uku na maza bai warware ba, ashe mai shaidar tana cikin gida, ba wanda ya taɓa tunanin tambayar ta.

Na canza fiffike, domin sai an sake tashi a bi layin ana kafa turaku. Na ɗauka an gama da ni, sai Inna ta ce saura shela, kuma ba sankira mai shelar gari zai yi ba, mai jirgi zai yi. Haka na bi lungunan garin nan da rana tsaka, da katin aiki a wuya da takalmi sau ciki, ina kware baki, "Mata a kimtsa, za a hau bisa! Mata a kimtsa!" Ta bayan katanga ina jin ana ƙyalƙyala dariya, wata ma ta amsa mini, "Mun kimtsa, malam, hau!" Ba ta kan gari zan bi ba wannan karon, amma Inna ta ce ko ta gefe ne sai na faɗa.

Kafin la'asar an kafa turaku daga kuka har gulbi, Inna na zaune a zaure da allo a cinya tana aikawa a gyara wanda ya karkace. Masu dawar da ta faɗa ciki suka yanke ta ɗanya suka ba dabbobinsu. Da kwanakin suka cika na koma da jirgin, na yi shelata, na ɗauki shanun Ardo suna gangarawa gulbi a jere, farare tas, tsakanin dawa da dawa, ba wadda ta karya kara ɗaya. Na kalli hoton nan na ji ƙwalla ta taru mini, don murna. Ba a zubar da jinin kowa ba a wannan kaka.

Oga ya kai hoton taro a Sakkwato, aka yi masa tafi, ya bayyana cewa ofishinmu ya ɓullo da sabon tsari na sanar da jama'a da tuntuɓar tsofaffi kafin tashin jirgi. Bai faɗi yadda aka ɓullo da shi ba, ni ma ina kujerar baya ban ɗaga hannu ba. Ardo kuwa ya aiko da ƙwaryar nono da man shanu, na miƙe zan karɓa, ɗan aiken ya ce na Inna ne, hanyar gidanta kawai yake tambaya.

Abin da na koya shi ne, ko da takardar gwamnati a aljihunka, kada ka leƙa gidan mutane sai ka yi sallama. In kuma rawar kai ta riga ta kai ka ka leƙa, to ka roƙi Allah ya sa a gidan akwai tsohuwar da ta fi ka sanin aikinka.