Tashata ta Abakpa

Kishi ne ya ja ni, ba zan ɓoye ba. Tunda aka ji muryar Sadiku, ɗan maƙwabtanmu, a shirin gaishe-gaishe na rediyo, duk Abakpa ba a zancen kowa sai nasa. Na ce zamanin rediyo ya wuce. Na buɗe tashata kai-tsaye a intanet, na shelanta wa unguwa, na yi ta zuba har da gyaran murya. Mai sauraro ɗaya na samu: wayar Umma, da na kunna da hannuna.

Sai ga ta ta leƙo: "Kai, miƙo min wayata in kama rediyo, Sadiku zai shigo."

Har yau mai shayin layinmu "Manajan Tasha" yake kirana.