Dutse Mai Gaɓa Shida

Ni ɗan Salaga ne, doya da hatsi na sani. Amma da na ji masu haƙa rijiyoyin burtsatse a Bawku suna neman mai kawo musu dutse, sai na ce wannan kwangila tawa ce.

A motar Yendi wani malamin makaranta ya gaya mini sunan dutsen da suke so. Ya yayyanka mini shi kamar doyar sakwara: gi-ra-no-da-yo-rait. Gaɓa shida. Ya ce in danna "da", in saki "rait". Kwana uku ina tilawa a hanya, har direba ya ɗauka wuridi nake yi.

Samfuri kuwa ban wahalar da kaina ba. A bakin wata gada kusa da Zebilla na tsinci wani mai nauyi, na wanke, na naɗe a ganyen goro.

Na shiga wurin injiniyan masu haƙa rijiyoyin, 'yan kasuwa biyar suna jiran layi. Na ajiye dutse, na gyara hula.

"Masta, giranodayorait!"

Ko gaɓa ɗaya ban ci ba. Injiniya ya jinjina kai.

"Alhaji, ko ni ban iya faɗarsa haka ba."

Sai ya juya dutsen, ya sa makulli ya ƙwaƙulo murfin kwalbar lemo daga cikinsa.

"Amma wannan siminti ne. Gutsuren gada ka kawo mini."

Wani mutumin Garu ya samu kwangilar. "Ga dutse" kawai ya ce.

Har yau in na shiga kasuwar Bawku, sai wani ya ɗaga guntun bulo: "Alhaji, wannan gaɓa nawa ne?"