Jakar Wanda Na Kai Ƙara

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na je tsayawa gaban alƙali, na ƙare a tsugune.

Shekara tara ina aiki a wani injin casar shinkafa da ke hanyar Argungu. Laifina ɗaya: na tara abokan aiki muka rubuta takarda a ba mu abin rufe hanci, don ƙaiƙayi ya sa rabinmu tari. Bayan kwana uku manajanmu, Alhaji Maidamma, ya miƙo mini takardar sallama. Dalili wai "rashin ladabi ga na gaba". Wannan layin ya fi korar yi mini ciwo, don duk injin da na je neman aiki sai a ce an ji labarina.

Maƙwabciyarmu a Gwadangaji, Barista Rifkatu, ita ta ce wannan kora ba bisa ƙa'ida take ba, ta shigar mini da ƙara a kotun ma'aikata. Sati biyu tana yi mini horo. "Malam, ka ɗaga kai. Yanzu ba oganka ba ne, wanda kake ƙara ne." Na dinga ɗaure fuska gaban madubi (har matata ta tambaya ko takara zan fito).

Ranar zama na ci shadda, na shiga kotu ina hura hanci. Alƙali ya zauna, an kira shari'armu, sai ga Alhaji ya shigo a makare da jakarsa ta fata. Wallahi ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba. Sai ganina na yi a tsakiyar kotu, na tuɓe takalmi, na zube ƙasa.

"Ranka shi daɗe, an iso lahiya?"

Ban tsaya nan ba. Na karɓi jakar, na kakkaɓe masa benci. Shi ma ya manta inda muke, ya ce, "Lahiya lau. Ina ɗiyanka? Riƙe jakar da kyau."

Kotu ta fashe da dariya. Barista ta rufe fuska da fayil. Ni kuwa ina tsaye rungume da jaka kamar an ba ni jariri ranar suna. Alƙali ya sauke tabarau ya ce, "Wai wane ne mai ƙara a nan?" Na ɗaga hannu (wanda ba ya riƙe da jakar). Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na kuma tabbata na kashe shari'ata da hannuna.

Da aka zo kan shaidar Alhaji, Barista ta tambaye shi a hankali, "Abin da ya yi ɗazu, haka ya saba yi maka?"

"Kullum! Ai ba mu da mai biyayya kamatai."

Lauyansa ya runtse ido. Barista ta miƙa masa takardar sallamata ta ce, "To Alhaji, karanta wa kotu dalilin kora."

An yi zama biyu bayan nan, kotu ta soke korar. Na koma aiki, an raba abin rufe hanci, sunana kuwa har yau Mai Jaka.

Abin da na koya: ka nemi haƙƙinka a tsaye. In kuma gwiwa ta ci amanarka, to ka tabbata alƙali yana kallo.