Mai Katifa da Sifirin Motar Surukinsa

"Duk wanda ya san sifirin katifa, naɗaɗɗen ƙarfen nan mai lilo, ya san na mota, ya san na jirgin ƙasa, ya san na jirgin sama in yana da shi. Ni a cikin sifirin na buɗe ido. Ku ba ni mota da sifana ɗaya, in ba ta sha kwana kamar an ɗaure ta da igiya ba, ku aske mini gemu a bainar jama'a."

Mai wannan magana shi ne Injiniya. Kada ka tambaye ni makarantar da ta ba shi sunan, don ita ma makarantar ba ta da labari. Katifa yake sayarwa a wani shago a bakin titi, tsakanin mai walda da mai aski, kuma duk iliminsa na mota a waya ya tsince shi, yana kwance a kan hajarsa yana kallon motocin tsere.

Ita kanta motar da yake wa wannan cika baki ba tasa ba ce. Ta surukinsa ce, Baba, wanda ido ya fara yi wa gardama har ya daina tuƙi. Tsohuwar mota ce mai hankali, ba ta taɓa ɓata wa kowa rai ba. Ranar da Baba ya miƙa masa makulli, sharaɗi ɗaya ya gindaya.

"Ka riƙe ta kamar taka. Abin da nake so kawai, ka riƙa kai Mamanku asibiti gashin ƙashi. Ka san ƙugunta, ko tsakar gida ba ta ƙetarewa sai da sanda. Ranar da ta ce motar ta wahalar da ita, makulli ya koma hannun Auta."

Auta ƙanin matar Injiniya ne, gardi mai ƙeya, wanda tun ranar yake kallon makullin nan yana haɗiyar yawu. Shi kuwa Injiniya ya gwammace ya rasa shagon katifa da ya ga Auta a kan sitiyarin nan yana masa hon.

To, da mutumin naka ya kama kansa, da babu labari. Amma wata rana ya sha kwanar shataletale, motar ta ɗan karkata kamar yadda kowace mota ke yi, sai ya dawo shago fuska a murtuke.

"Abin kunya!" ya ce wa mai walda. "Mota tana langaɓewa a kwana? Tsayi ya yi mata yawa. Ɗauko injin yankanka, za mu rage wa sifirin ƙafa huɗun nan tsawo, mu sa mata shokozoba mai tauri da zai kashe lilon."

Mai walda irin mutanen nan ne da in ka ce su yanke maka ƙofar gidanka biyu, sai dai su tambaye ka a tsaye ko a kwance.

"Daga ina zan yanke, Injiniya?"

"Daga nan. A'a, ƙara. Ƙara dai. Kada ka ji tausayinta."

Da aka sauke motar daga jak, ta durƙusa ƙasa har kyanwa ba za ta iya shiga ƙarƙashinta ba. Injiniya ya zagaya ta yana kaɗa kai, ya shiga ya nufi shataletale. Gaskiyar magana, ta sha kwanar kuwa, ko gezau ba ta yi ba. Ya zagaya, ya sake zagayawa, har ɗan sandan da ke wurin ya fara tunanin ko hanyar fita ce ta ɓace masa.

Ranar asibiti ta zo. Matarsa ta riƙo Mama a hankali ta zaunar da ita a baya, ta zauna kusa da ita. Injiniya ya gyara madubi.

"Mama, yau za ku ji bambanci."

Ta ji kuwa. Tsakuwar farko da taya ta taka, sai da ta ratsa kujera ta gaisa da ƙugun Mama. Motar nan ba abin da ta ɓoye wa kowa. In ta taka murfin kwalba, na ciki zai iya faɗa maka na wane lemo ne. Da suka faɗa wani ɗan rami, kan matarsa ya bugi rufi, jakar Mama ta zube, haƙoran kowa suka haɗu ƙas.

"Wayyo ƙuguna!" in ji Mama. Ba ta dubi surukin nata ba, 'yarta ta duba. "Ke, tambayi maigidanki, tayar ce ya cire muke tafiya a kan ƙarfe?"

"Riƙon titi ke nan, Mama," ya ce yana murmushi. "Haka motocin tsere suke."

"Ki ce masa ni ba tsere na fito ba. Ko na riga kowa isa, layi zan bi."

Da suka dawo gida, matarsa ta tare shi a ƙofar ɗaki.

"Baban yara, wallahi ka mayar da motar nan yadda take. Mama ta rufa maka asiri yau, ta ce wa Baba hanya ce ta lalace. Amma Auta yana tsaye yana dariya, har da tambayar wai ko giwa ce ta zauna a kan motar."

"Ke ba ki san kimiyya ba. Tauri ne ya ɗan yi yawa. Laushi take so? Za ta samu laushi. Ni da nake sayar da barci?"

Mayar da mota yadda take ai ba zai yiwu ba, don guntayen da aka yanke tuni mai walda ya yi ƙafar murhu da su. Sai Injiniya ya tafi wurin masu tsofaffin kayan mota, ya riƙa danna sifirin da tafin hannu yadda yake gwada katifa, har ya zaɓo wasu dogaye masu laushi da Allah kaɗai ya san motar da ta mutu ta bar su. Ya haɗo da shokozoba da suka gama aikinsu a duniya tun tuni.

Wannan karon motar ta miƙe sama, sai ka ɗaga ƙafa kafin ka shiga. Injiniya ya danna bayanta sau ɗaya don gwaji, ya shiga shago ya sayar da filo, ya fito ya tarar tana rausaya ba ta gama ba.

"Ka gani?" ya ce wa mai aski. "Ko jariri ka sa a ciki sai barci."

A makon da ya biyo, Mama ta shiga da addu'a a bakinta, 'yarta na gefenta. Farkon tafiya lafiya lau, rami ya wuce ba a ji shi ba. Matsalar ita ce motar ba ta mantuwa. Ramin da aka wuce a bakin layi, tana nan tana jimaminsa har gaban kasuwa, sama, ƙasa, sama, ƙasa. In ya taka birki ta yi ruku'u, in ya ba ta wuta ta ɗaga hanci. Da suka shiga shataletale sai ta kwanta gefe guda, Mama ta gangaro ta danne 'yarta a jikin ƙofa, sitiyari ya yi sako-sako a hannun gwanin, saura ƙiris ya shafi mai keke.

"Ke, buɗe gilashi," in ji Mama da ƙyar. "Kuma ki miƙo leda."

A asibiti sai da aka fara ba ta maganin jiri kafin a taɓa ƙugu. Wannan karon ba a rufa asiri ba. Da yamma Baba ya sa aka kira Injiniya. Ya same shi a falo, Auta na gefe yana wasa da wani sabon maratayin makulli da babu makulli a jikinsa.

"Malam," in ji Baba, "na ba ka mota, ka mayar da ita amalanke, sannan ka mayar da ita kwalekwale. Zuwa na gaba da ni za a je. In na ji abin da Mamanku ta ji, ka san sauran."

"Baba, ku kwantar da hankalinku. Gwaji ne ya ƙare. Yanzu na san tauri, na san laushi, saura daidaitawa."

Tsoro ya kama shi ba kaɗan ba, don ya hango Auta yana wucewa ta gaban shagonsa da gilashi a sauke. Ya wuni yana juyi a kan katifun shago. Can sai idonsa ya faɗa kan wata babbar katifa ta ma'aurata, irin wadda gefe ɗaya tauri, gefe ɗaya laushi, kowa ya kwanta inda ya fi masa. Ya yi zumbur ya miƙe.

"Mai walda! Na gano abin da kamfanonin mota suka kasa ganowa! Wa ke buƙatar riƙon titi? Direba. Wa ke buƙatar laushi? Fasinja. To ɓangarena a mayar da gajerun nan masu tauri, ɓangaren su Mama a bar dogaye masu laushi. Kowa ya samu nasa."

"Gaba da baya?"

"Gaba da baya."

Da aka gama, motar ta tsaya a karkace, gefen direba a ƙasa, ɗaya gefen a sama, kamar mai sauraron gulma ta jikin bango. Mai aski ya fito da almakashi a hannu ya tsaya kallo.

"Injiniya, ba ta ɗan jirkice ba?"

"Lissafi ne. In mutane suka zauna za ta daidaita."

Abin da lissafin bai sa a ciki ba shi ne Baba. Baba mutum ne da Allah ya yi wa jiki, ba ya shiga ƙofa sai ya ɗan karkata. Ranar tafiya ya zauna a gaba, gefen laushi. Mama ta zauna a bayansa, gefen laushi. Auta ya ce shi ma zai raka su, matar Injiniya ta matsa ta ba shi wuri. Motar ta yi wani dogon nishi, ta daidaita na ɗan lokaci, sannan ta wuce daidai ta ci gaba da nutsewa, har Injiniya ya koma yana kallon surukinsa daga sama.

"Malam, lafiya nake ganin kwalta kusa haka?"

"Tana zama ne, Baba. Yanzu za ta saba."

Aka kama hanya. Gefen direba yana ƙas-ƙas-ƙas, gefen su Baba yana lilo, motar ta rasa wanda za ta bi a cikinsu. Sitiyari yana ja gefe guda, Injiniya ya rungume shi da hannu biyu, gumi na tsiyaya daga gemun da ya sa a caca. Sai ga shataletale. Yana karya kan mota, duk nauyin duniya ya koma gefen laushi. Taya ta fara gurzar jikin mota, ƙauri ya tashi, gefen direba ya yi sama.

"Baba, ku matso! Ku matso wajena!"

"In matso ina?"

"Ku kwanto jikina, Baba, don girman Allah! Auta, danne gefen nan nawa!"

Haka suka fita daga shataletale, dattijo mai mutunci kwance a kafaɗar surukinsa, hularsa a kan giya, Mama na salati, Auta na dariya har da hawaye. Ɗan sandan nan ya gane motar, ya juya baya abinsa.

A ƙofar asibiti akwai tudun rage gudu, ɗan ƙarami, wanda ko mai keke ba ya saurara masa. Tayoyin gaba suka haye. Cikin motar ya sauka a kansa, ƙurrr, ya zauna daram. Salansa, bututun hayaƙin motar, ta cire ta yi gefe tana ƙara. Injiniya ya ba ta wuta, taya na juyawa, mota ko motsi. Motoci suka yi layi a baya ana ta hon.

Baba ya lalubo hularsa ya sa. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙa hannu ya kashe motar da kansa, ya zare makulli, ya miƙa baya ba tare da ya waiwaya ba. Auta ya karɓa da hannu biyu, ya saƙala a maratayin nan nasa.

Masu gadi suka kawo keken marasa lafiya aka ɗora Mama. Injiniya, don ya ɗan wanke kansa, ya yi wuf ya kama keken.

"Ni zan tura ku, Mama."

Ya tura ta ɗan taƙi, keken ya yi gargada a kan dakalin shiga. Sai ya tsaya. Ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya danna kujerar da tafin hannu, ya kaɗa kai. Hannunsa ya tafi aljihu ya fito da sifana.

"Mama, keken nan da za a ɗan rage masa tsawo..."

Mama ta dubi sifana. Matar da ba ta ƙetare tsakar gida sai da sanda ta dafa hannun keke ta miƙe tsaye cak, ta tattara mayafinta, ta ratsa barandar asibiti da ƙafarta, 'yarta na bin ta a guje da sanda tana kira. Likitan gashin ƙashi da ya daɗe yana lallashinta ta yi taku ba tallafi ya fito bakin ƙofa ya saki baki.

"Ikon Allah! Wa ya yi wannan aikin?"

Baba ya nuna Injiniya, wanda ke durƙushe gaban keken da ba kowa, da sifana a hannu.

"Ga shi nan, likita. Injiniya ne. Duk abin da ke da taya, in ya taɓa shi, sai gurgu ya gwammace ƙafarsa." Ya juya ga Auta. "In ka ja motar ka biya da shi wajen mai aski. Na ji an ce akwai alkawarin gemu a tsakaninsu."