Rasuwar Hankaka a Mashigin Rara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Mu'azu mai albasa na Wurno ina sanar da dangi da abokan arziki rasuwar motata, wadda anka fi sani da Hankaka saboda baƙin jikinta da farin rufinta. Ajali ya cim mata cikin daminar bana ta 1956, sanadin ruwan da ta sha a mashigin rafin da ke gab da Rara.

Marigayiya ta zo hannuna da shekarunta, daga wani Baturen gona da zai koma gida. Shekara bakwai muna tare. Ba zan yi mata shaidar zur ba: kujerarta da tauri, sitiyarinta sai an sa ƙarfi, in kuwa ta faɗa rami sai haƙoran mutum sun gaisa. Amma ba ta taɓa yashe ni a daji ba. Juyi biyu na ƙarfen tayarwa, ta yi tari, ƙuh-ƙuh, ta kama, gir-gir-gir, har inda za mu.

Kowa ya san gardamar da ke tsakanina da aminaina biyu. Mainasara na Rabah yana cewa tasa motar ta fi laushi, har tsohuwa na barci a ciki. Halliru na Goronyo yana cewa tasa da yatsa ɗaya ake juya ta. Ni kuma ina ce musu laushi da sauƙin kai duk ado ne, a tambayi wadda ba ta tsayawa. Shekara da shekaru muna wannan a rumfar kasuwa, ba wanda ya sallama.

Ranar Alhamis munka ɗunguma zuwa suna a Rara, mu uku, kowa da motarsa da iyalinsa. A tawa akwai mahaifiyata Inna Kaltume, da matata Fatsuma, da ɗiyanmu Kulu da Adama. Da hantsi munka iso rafin, munka tarad da ruwa ja, yana tafe da kara da itace. Mainasara ya tsaya. Halliru ya tsaya. Wani makiyayi mai suna Sajo, da ke bakin gaɓa da shanunsa, ya ce mini an yi ruwa mai yawa a gabas, rafin ƙaruwa yake yi, ko shanu bai bari sun shiga ba.

Na ji shi sarai. Sai Halliru ya yi murmushi, ya ce yau dai duka motocin sun zama ɗaya. Wannan murmushin ne ya sa na jefa mota giya. Fatsuma ta kama mini hannun riga, na fizge.

Hankaka ta shiga ba musu, kamar yadda ta saba. Ta ci rabin rafin. A tsakiya ta yi ƙuh, ta yi ƙuh, ta yi shiru. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya rufe idon sawu, ya kama ƙwauri. Adama ta fara kuka. Na ji bayan motar yana ɗagawa yana komawa, na danne birki da ƙafa biyu, ban iya waiwayawa ba.

Sajo ne ya fara faɗawa ruwan da igiyar shanu a ƙugunsa, Mainasara da Halliru sunka tuɓe manyan riguna sunka riƙe ɗaya bakin. Ta taga Sajo ya zaro Adama, ya kai, ya dawo. Ruwa ya kai kujera. Ya miƙa wa Inna hannu, ta ƙi, ta tura Kulu, sannan ta tura Fatsuma. Kowace tafiya Sajo yana daɗewa fiye da ta baya, igiyar tana kuka a hannun mutanen nan biyu. Da ya rage daga ni sai Inna, ruwa a ƙirjinta, ta yi magana a bayana cikin sanyin murya:

"Kai wannan, mi munka yi maka?"

Na ƙara danne birki.

Ina shaida wa jama'a cewa marigayiya ta kafa ƙafafunta huɗu cikin yashi, ba ta gusa ba sai da Sajo ya goya Inna ya kai gaɓa, ya dawo ya fizgo ni. Ban kai ga tudu ba ruwa ya juya ta, ta kwanta a gefenta, farin rufin nan ya nutse.

Ranar Asabar bijiman Sajo sunka jawo ta. Bakanike Yusha'u ya zo daga Sakkwato, ya buɗe inji, ya kwashi yashi da hannu. Kwana uku yana jinyarta. A na ƙarshe na juya ƙarfe har tafina ya fashe, ta ce kik, sau ɗaya. Yusha'u ya rufe ta, ya ce in yi haƙuri. Masu cewa tsufa ne ya kashe ta su daina. Ni ne.

Ta rasu ta bar taya huɗu masu sauran kwana, da fitila ɗaya, da ham wanda ruwa ya dusashe wa murya, da mutum biyar masu rai waɗanda ta fito da su daga Wurno.

Za a kai ta makwancinta ranar Jumma'a bayan la'asar, gindin tsamiyar da ke bayan gidana, inda za a ɗora ta bisa duwatsu. Ba za a yi mata salla ba, tunda ƙarfe ce, amma za a raba goro da fura, a yi wa Sajo addu'a ta musamman. Ana roƙon masu ta'aziyya kada wanda ya tambayi wace mota ta fi.

Inna tana Rara tun da ruwan ya janye anka ƙetarar da ita. Mainasara da Halliru duk sun aika cewa za su ɗauko ta don ta halarta. Ta yi musu godiya, ta ce za ta zo, amma a nemo mata jaki.